Gargaɗi: masu sake buga lambar inji a tsofaffin motoci

Jama'a masu sha'awar tsofaffin motoci, a yi hattara. Akwai wata damfara da ta daɗe a wannan harka, kuma tun da ciniki ya koma intanet ta ƙara samun gindin zama. Motar da har yanzu take ɗauke da injin da kamfani ya ɗora mata ta fi wadda aka canja wa inji daraja nesa ba kusa ba, kuma wannan ratar kuɗin macuta ke farauta. Sai su samo inji irin nata, su sa giranda su share lambarsa, su buga wadda ke cikin takardun motar, su watsa fenti a kai. Ka zo saye a ce maka, "Alhaji, injin nan ba a taɓa sauke shi ba."

Canja inji ba laifi ba ne. Motar da ta shekara 50 tana aiki, ba abin mamaki ba ne ta cinye inji biyu. Laifin shi ne a ɓoye maka, a karɓi kuɗin na asali. Wani lokaci ma abin ya fi haka muni, domin injin da aka share wa lamba yana iya zama na sata, kuma ranar da asiri ya tonu a hannunka za a same shi.

Farkon abin da suke dogaro da shi shi ne yawancin masu saye ba su san inda lambar take ba. A Volkswagen Beetle, tana jikin gidan injin, daidai ƙarƙashin ƙafar da ke riƙe da dinamo, lambar shasi kuma tana ƙarƙashin kujerar baya. Daga tsakiyar shekarun 1960 lambar injin tana farawa da harafi: D na inji mai girman 1200 ne, F na 1300, H na 1500. A Mercedes W123, lambobi uku na farko su ne ke faɗin irin injin. 615 na 200D da 220D ne, 616 na 240D, 617 kuma na 300D mai silinda biyar. Na 615 da 616 duk silinda huɗu ne, kuma a ido sun yi kama sosai, don haka wanda bai karanta lamba ba sai a sayar masa da ƙarami a matsayin babba.

Inda aka fi tafka wannan aika-aika shi ne motocin Amurka masu injin V8, wato mai silinda takwas, musamman Chevrolet. A can ana buga lambar a kan wani ɗan faffaɗan wuri a gaban bulok, wato gangar jikin injin, ɓangaren dama. Harafin farko na masana'anta ne, T na Tonawanda, F ko V na Flint, sai wata da ranar da aka haɗa injin, sai haruffan da ke nuna irinsa. To ga abin da nake so a riƙe: kada ka tsaya ga karanta lambar, ka karanta ƙarfen da take kai. Na'urar da ta daidaita wurin a masana'anta ta bar wasu siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya. Idan ka ga layukan sun yi zagaye, ko wurin ya yi sumul yana sheƙi, ko ya ɗan lotsa, an taɓa shi. Gaskiya ne bakanike yana iya aske saman bulok lokacin gyara har lambar ta tafi, amma mai gaskiya zai bar wurin babu komai ya gaya maka dalili. Wanda ya aske sannan sabuwar lamba ta tsiro a wurin, shi ne abin tambaya.

Duba haruffan ma. Wani ya nutse, wani ya tsaya a sama, wani an buga shi sau biyu, siffar 1 ko 4 ta bambanta da ta wasu injinan shekarar. Sai dai kada ka yanke hukunci da wannan kaɗai, don ma'aikatan masana'anta ma hannu ne da su, sukan karkace.

Abin da ya fi ba macuci wahala shi ne lambar da ta fito tun lokacin da aka zuba narkakken ƙarfe aka yi bulok ɗin, wadda ta taso sama ba bugawa aka yi ba. A Chevrolet tana baya, kusa da inda giyabos ke haɗuwa da inji, kuma akwai kwanan watan zubi: harafi na wata, A Janairu, B Fabrairu, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. Dole a zuba ƙarfe kafin a haɗa inji, a haɗa inji kafin a gama mota. Idan bulok ya nuna an zuba shi bayan motar ta bar masana'anta, magana ta ƙare, ɗa ba ya girme ubansa.

Za su ce maka tsofaffin motoci ba su da tsarin lamba, don haka ba yadda za a bincika. Rabin gaskiya ce. Lambar mota mai gurbi 17 sai a 1981 ta zama doka a Amurka, kafin nan kowane kamfani da nasa tsarin. Amma kamfanoni da yawa sun ajiye bayanansu. Mercedes tana da katin bayanan kowace mota, motocin Ingila irin su MG da Triumph kuma ana neman takardar shaidarsu a gidan tarihin motoci na Gaydon. Kai da kanka za ka nema da lambar shasi. Kada ka karɓi hoton takarda daga hannun mai sayarwa, gyara hoto ba wuya.

Masu ciniki ta waya kuma salonsu daban: hoto ɗaya na lamba, an matso da kyamara har ba a ganin motar, sai matsin lamba cewa wani na hanya da kuɗi, ka turo kafin alƙalami. Ka ce a yi maka bidiyo kai tsaye, a fara daga lambar shasi a tafi har kan injin ba tare da an yanke ba. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Idan ka je gani da ido, tafi da tocila, tsumma, burushi mai laushi da man wanke maiƙo. Haska wurin daga gefe, layukan sun fi fitowa. Kada ka sa samfefa, kuma kada ka bari wani ya sa, don za ta goge shaidar da ka zo nema. Wanda kuma ya riga ya saya yana zargi, ya kai wa 'yan sanda da takardun cinikin. Bugun lamba yana danne ƙarfe har can ƙasa, shi ya sa masu binciken kimiyya sukan iya fito da tsohuwar lambar da sinadari ko bayan an share ta.