Sashen Ba Da Shawara Ga Ɗalibai A Wata Firamare A Unguwar Rimi: Abin Da Na Gani

Bayan sace ɗaliban makaranta da aka yi a garin Kuriga na jihar Kaduna a watan Maris na 2024, ɗiyata da ke aji huɗu ta fara firgita cikin barci, kuma kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo don kada ta tafi makaranta. Shi ya sa na kai ta sashen ba da shawara na makarantarsu, ko da yake da farko ban sa rai da wani abin kirki ba.

Malamar da ke kula da sashen ta burge ni ƙwarai. Ba ta tsare yarinyar da tambayoyi ba, sai ta miƙa mata takarda da fensir mai launi ta ce ta zana abin da ke ba ta tsoro, daga nan hira ta ɓarke a tsakaninsu. Ni kuma ta ja ni gefe ta ce: "Maman yara, a rage sauraron labaran tashin hankali a gabanta." Ta ƙara da cewa idan firgitar ta ƙi lafawa, za ta tura mu asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna, amma cikin ikon Allah ba mu kai ga haka ba, domin kafin ƙarshen zangon karatu barcin yarinyar ya daidaita.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗakin, wanda ke manne da ofishin hedimasta, har yara suna ɗauka duk wanda ya shiga laifi ya yi. Ga shi malamar ita kaɗai ce, sai da muka jira mako biyu kafin zama na biyu.