Sharhi a kan aikin mai tace rubutu da na ba littafina

Na rubuta ƙagaggen labari a kan wani gidan majema a birnin Sakkwato, masu jeme fatar jar akuya, kuma kafin in kai shi ga kamfanin ɗab'i sai na nemi mai tace rubutu, wani malami da ya karanci Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mun yi ciniki a kan in biya rabin kuɗi kafin a fara, sauran kuma bayan an gama. Kuɗin ba kaɗan ba ne, amma aikin ya cancanci abin da na biya.

Ya yi gyaran a kwamfuta, kowane canji da jan rubutu, ta yadda ina da ikon in karɓa ko in ƙi. A wajen ƙa'idojin rubutu ba ni da abin cewa sai godiya. Ya mayar da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, duk inda waya ta haɗiye su, ya kuma daidaita rabawa da haɗewar kalmomi, musamman "a kan" da "akan", waɗanda ke rikita marubutanmu na intanet ƙwarai.

Inda ya fi amfanata shi ne salo. Ya nuna mini cewa babin farko ya cika da bayanin asalin dangi, alhali mai karatu bai riga ya san wanda zai damu da shi ba, don haka ya ba da shawara a fara da ranar da uban gidan ya rasa cinikin fatunsa, a riƙa sako tarihin kaɗan-kaɗan daga baya. Ya kuma rage karin maganar da na jera a bakin kowa da kowa, ya bar wa tsohuwar gidan kaɗai, sai ga shi muryarta ta fita daban da ta jikokinta. Wannan gyara ne da ban taɓa samu daga 'yan'uwa marubuta masu yaba mini a WhatsApp ba.

Saɓaninmu ɗaya ne, kuma har yanzu ina kan bakana. Ya mayar da hirar taurarin labarin gaba ɗaya zuwa Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina a kan karin Kano, bisa hujjar cewa kasuwar littattafan Hausa ta fi ƙarfi a can. Na yarda mai ba da labari ya yi magana da daidaitacciya. Amma majemi ɗan shekara 70 da aka haifa a Sakkwato ba zai ce "me kake yi" ba, "mi kaka yi" zai ce, kuma "shina" da "wanga" da "ɗiyata" su ne ke sa mai karatu ya ji ƙamshin garin. Na ce masa, "Malam, idan aka cire wannan an cire mutanen." Daga ƙarshe muka daidaita a kan a bar Sakkwatanci a cikin hira, a sassauta inda zai wahalar da baƙo.

Aikin ya ɗan wuce lokacin da muka ajiye, kuma bai shafi neman lambar ISBN ba, wato lambar shaidar littafi, wadda Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa. Duk marubucin da zai nemi irin wannan aiki ya fara miƙa babi ɗaya na gwaji, ya kuma faɗi matsayinsa a kan karin harshe tun kafin ya biya kafin alƙalami.