Lesin ɗin hutu da na kai 'yar autata a Unguwar Rimi

Gaskiya ba don karatu na kai ta ba, yarinyar nan shekararta 7 amma ko a Islamiyya can gefe take rakuɓewa, mu muna ta yabo wai kunya gare ta ashe yara sun daina kiranta wasa ne, tun da an kira ta sau ɗaya sau biyu ta sunkuyar da kai shikenan aka manta da ita, ita kuma sai ta ƙara shigewa cikin hijabinta.

Abin da ya burge ni da wajen, antin ba ta tsayar da ita gaban aji ba. Yarinya ɗaya tal ta haɗa ta da ita suna 'yar carafke a bakin baranda, sai a sati na biyu ta ƙaro ta uku. Ranar da na je ɗaukarta na tarar ita ke raba duwatsun, wallahi sai da na ji ƙwalla.

Matsalarsu zafi, in NEPA ta ɗauke ba janareta, yara sai zufa. Kuɗin ma da ɗan tsada, ga go-silo wajen Kawo kullum da safe. Amma hutu mai zuwa in sha Allahu zan mayar da ita, ita ma tana ta tambayar yaushe.