Kafin ka sayi gwangwanin gas don cika esin motarka da kanka

Da zarar zafin Maris ya kankama, esi ya fara huro iska mai ɗumi, sai mai mota ya ce gas ya ƙare. To gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa. Zagayawa yake yi a rufaffen bututu, in ka ga ya ragu to yoyo yake ta wani wuri.

Ɗaga bonet tukuna. Akwai 'yar takarda a manne da ke nuna irin gas da nauyinsa, galibin ƙananan motoci tsakanin giram 400 da 700. Yawancin 'yan Kwatano da ke kan titunanmu R134a suke sha. Tsofaffin da aka ƙera kafin wajajen 1994 da R12 suka zo, sababbin Turai kuwa daga 2017 sun koma R1234yf, mai tsada, wanda bakin bututunsa ma daban ne. Ba a cuɗanya su.

Mafi araha shi ne ƙaramin gwangwani mai kusan giram 340, da gajeren tiyo da geji guda mai auna matsin gas. Ana maƙala shi a bututu mai kauri, wanda murfinsa ke da harafin L, mota na aiki, esi a ƙure. Yana da amfani idan sanyin raguwa kawai ya yi kuma kana jin kwamfaresa, wato injin da ke matsa gas ɗin, na kamawa, ƙas, tana saki. Matsalarsa, rabin labari yake ba ka: gejin ɓangaren L mai ƙaramin matsi kaɗai yake karantawa, ban da ɓangaren H mai matsi mai ƙarfi, kuma da rana tsaka allurar kan hau saboda zafi. Sabon shiga sai ya yi ta ɗurawa, alhali gas in ya wuce kima sanyi raguwa yake yi, kwamfaresa kuma ta wahala. Ka guji wanda aka rubuta yana toshe yoyo. Wannan danƙon kan toshe inda ba a aike shi ba.

Geji mai kai biyu, shuɗi da ja da tiyo rawaya a tsakiya, shi ne na masu sana'a. Yana nuna ɓangarorin biyu, amma sai an haɗa da injin zuƙe iska da sikeli kafin aikin ya cika, kuɗinsu kuma ya fi ladan gyara sau da yawa. Ga mai mota ɗaya, ni ban ga riba ba.

Idan gas ya tsiyaye kakaf, ajiye maganar gwangwani. Iska da danshi sun riga sun shiga, sai mai gyaran esi ya gano yoyon, ya zuƙe, sannan ya auna gas da sikeli. Tsaya a kansa ka ga silindar da idonka, don jabu ya yi yawa, wani ma gas ne mai kama wuta.

Wani lokacin ma ba gas ba ne: ƙurar hunturu ce ta toshe kwandansa, wato ragar sanyaya gas da ke gaban lagireto, ko fanka ta mutu. Wanke kwandansan da ruwa ka gwada tukuna. In kuma ɗurawar za ka yi, sa safar hannu da tabarau, ka riƙe gwangwanin a tsaye, ka nisanci murfin H. R134a na tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifiri, in ya fantsamo a yatsa ƙuna yake yi kamar wuta.