Inda tsoro ke kama ɗan pool da inda yake kama ɗan golf

A wasan pool, wanda mu kan kira sunuka, azabar tana kan kujera. Ka yi kuskure ɗaya, sai ka zauna da sanda a hannu kana kallon abokin karawarka yana share tebur, ba ka da ta cewa. In damarka ta dawo, hannu ya yi sanyi, tafin ya jiƙe da gumi, sanda tana maƙalewa tsakanin yatsu. A gasar Kofin Mosconi, inda 'yan pool na Turai da na Amurka ke karawa, daƙiƙa 30 ake ba ka kafin kowane bugu, ba lokacin dogon tunani.

Golf kuwa lokacin ne ya yi yawa, kuma a ganina ya fi cin rai. Ba mai taɓa ƙwallonka, amma za ka yi awa huɗu kana tafiya, zuciya tana ta saƙe-saƙe tsakanin bugu da bugu. A 1999, a gasar British Open da aka yi a filin Carnoustie na Scotland, ɗan wasan Faransa Jean van de Velde ya iso ramin ƙarshe yana kan gaba da ratar bugu uku (a golf, mai mafi ƙarancin bugu ne ke cin gasa). Bugu shida ya ishe shi lashe gasar. Ya yi bakwai, har ya tuɓe takalma ya shiga rafi yana duban ƙwallonsa. Da haka aka yi kunnen doki, kuma a wasan raba gardama Paul Lawrie ne ya ɗauki kofin.