Hinji mai boris ko na gama-gari a ƙofofin ɗaki?

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa a tare lafiya. Tunda tsakanin mai boris da na gama-gari kake kai-kawo, ni dai mai boris zan ce maka: na sitenles, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, inci 4, kauri milimita 3, guda uku a kowace ƙofa.

Shi ne a ƙofar ɗakin Hajiyarmu. Ƙofar ta katakon maɗaci ce, ranar da aka kawo ta sai da ƙarti biyu suka kama kafin ta shiga gida. Tun daga lokacin jikoki suke lilo a jikinta, damina ta kumbura ta, hunturu ya tsotse ta, amma har yau Hajiya da yatsa ɗaya take tura ta. Da asuba ta fita alwala ta dawo, jaririn da ke kwance a ɗakin ko motsi ba ya yi. Ban taɓa ɗiga masa mai ba. Sirrin yana tsakanin gaɓoɓinsa: akwai wasu 'yan zobba masu ƙananan ƙwallayen ƙarfe da giris a ciki, nauyin ƙofar a kansu yake gangarawa maimakon ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe.

Na gama-gari kuwa, to, yana buɗewa yana rufewa. Idan ƙofar sito ce ta filawud mai kogo a ciki, wadda yaro ma zai ɗaga, zai yi maka aiki. Amma ka ɗora masa katako mai nauyi, ba a jimawa za ka ga baƙin gari yana zubowa daga gaɓoɓin, wannan ƙarfen ne ke cinyewa. Daga nan ƙofa ta sunkuya, harshen makulli ya daina samun raminsa, sai an ɗaga ta da gwiwa kafin ta kullu. A banɗaki kuma tsatsa ce za ta riga nauyin gamawa da shi. Akwai kuma wani siriri mai kama da malam-buɗe-littafi da kafintoci ke so saboda ba sai sun sassaƙe masa gurbi ba. Wannan ka bar wa kabad da wadirob.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara a kasuwa. Ko Ƙofar Ruwa za ka je a Kano ko Dei-Dei a Abuja, akwai na gari akwai na banza, kuma kwalinsu iri ɗaya ne. Ka tafi da maganaɗisu a aljihu. Idan ya kama hinjin gam, galibi baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka da ruwan silba, ka ajiye masa kayansa. Sai dai maganaɗisu ba ya raba maka nau'o'in sitenles ɗin nan biyu, mai lamba 304 da mai lamba 201, domin dukansu ba sa kama shi sosai. 304 ne mai kyan, sinadarin nikel ɗinsa ya kai kashi 8 cikin 100, shi ya sa yake jure laima. 201 nikel ɗinsa kaɗan ne, a banɗaki yakan yi ɗigo-ɗigon tsatsa. Tambarin "SUS 304" da ke jiki kuma ba rantsuwa ba ce, kowa na iya buga shi. Nan sai dai ka nemi mai shagon da zai rubuta maka a rasit cewa 304 ne, in ba shi ba ne ka dawo da shi. Wanda ya fara kame-kame ka san amsar.

Ka buɗe kwalin a gabansa. Wasu kwalin ya ce milimita 3, na ciki bai wuce 2 ba. Wasu kuma zobban ado ne kawai, babu ƙwallo ko ɗaya. Ka riƙe shi ka buɗe ka rufe: na gaske yana tafiya a hankali da ɗan nauyi, ba ya kaɗawa gefe da gefe. Sukurorin ma ka gwada su da maganaɗisun, don a nan aka fi yin sauyi.

Biyu-biyu ake sayar da su a kwali, don haka ka yi lissafi tun daga gida: ƙofa 5 hinji 15 ke nan, kwali 8. Kada kafinta ya ce maka biyu sun isa. Na sama ya sauko kamar santimita 15 daga kan ƙofar, na ƙasa ya hau kamar 23 daga gindinta, na ukun a tsakiya, ko ya matsa kusa da na sama idan ƙofar na da nauyi sosai, tunda na saman ne ke shan ja. Sannan ka tsaya a kansa ranar ɗaurawa. Ya sassaƙe gurbi daidai kaurin hinjin, ya fara huda ɗan rami, ya murɗa sukurun har ƙarshe. Da yawansu da guduma suke kora shi kamar ƙusa, sai su yi masa murɗa ɗaya a ƙarshe don ka gani, kuma sukurun da aka buga ya riga ya yaga naman katakon, ba zai riƙe ba.

Idan kuɗin ba za su kai duka ba, fara da banɗaki da ƙofofin katako masu nauyi, sito ya jira.