Wata bakwai ina hawa keken caji a hanyoyin gona, ga abin da na gani

Tunda mutane sun dame ni da tambaya kan keken nan bari kawai in faɗa a wuri ɗaya. Na hannu na saya wajen wani mai shigo da kekuna nan Kaduna, irin wanda sai ka taka feda sannan injin ya taimaka maka ne, babu totur. Injin wat 250, batir bolt 36, da ka kai gudun kilomita 25 a awa sai ya daina tura ka, haka dokar Turai ta ɗaure su.

Ni ciwon gwiwa ne ya kai ni. Da can duk Asabar bayan asuba ni da abokan hawan keke muke haɗuwa a Murtala Square mu bi ta Malali mu gangara bakin kogi, wani lokacin mu yi wajen Rigachikun mu shiga hanyoyin gona, to kusan shekara biyu na daina binsu saboda duk hawan tudu sai na kwana ina shafa magani. Ranar da na fara fita da wannan keken na hau tudun da a da nake sauka in tura, wallahi sai da na ji ƙwalla, kuma fa na yi gumi, kar wani ya ce maka ba a motsa jiki a kansa.

Akwai wani yayanmu a cikin tawagar da har yau yake cewa wannan babur ne, bai kamata ya shiga hanyar daji ba. Na ce masa Yaya, ai keke mai totur kake nufi, shi kam na yarda, matasa na murɗa shi yana ƙwaƙule ƙasa musamman da damina in jar ƙasar nan ta jiƙe. Nawa sawunsa ɗaya da naka.

Amma inda yake da gaskiya, kuma abin na damuna sosai, hanyoyin nan ba namu ba ne. Mu nishaɗi ya kawo mu, su kuwa manoma da mata masu ɗauko itace da yaran Fulani da shanunsu hanyar cin abincinsu ce. Keken nan ba shi da ƙara ko kaɗan ga sauri, rannan a wata kwana dawa ta yi tsayi ba ka hango gaba, kaɗan ya rage in buge wata baiwar Allah da ɗaurin itace a kai, na taka birki taya ta ja, na sauka ina ta Mama yi haƙuri Mama yi haƙuri, ta ce ba komai ɗana amma ni jikina rawa yake har na iso gida. Washegari na sa ƙararrawa, kuma tun daga ranar in na shiga tsakanin gonaki a mataki na ɗaya nake barin injin, wato mafi ƙarancin turi, in na ga shanu in tsaya su wuce.

Sai nauyi. Ya haura kilo 20, batir ya taɓa mutuwa min a hanyar dawowa, taka shi haka kamar kana jan buhun masara ne. Caji awa biyar zuwa shida kuma kun san yadda wuta take, ni a sola nake haɗawa. Kar ka bar batir a rana lokacin bazara, kar ka tsallaka rafi da shi ruwa ya kai injin. Ƙaya ma na fasa tayar baya kuma ba kowane mai faci ne ya iya cire ta ba saboda wayar injin, sai da na koya da kaina.

Nisa kuwa ba ma yi yanzu saboda yanayin tsaro, ko da batir zai kai ka Kajuru ya dawo da kai, gara kusa da gari kuma cikin jama'a.

Zan sake saya in wannan ya gaji, amma sai mai birki mai ƙarfi, kuma a sa min ƙararrawa tun a shago.